August Wilhelm von Hofmann

August Wilhelm von Hofmann (8 ga Afrilu 1818 – 5 ga Mayu 1892) masanin kimiyyar sinadarai ne ɗan ƙasar Jamus. Ya shahara da bincike kan sinadaran amin, dangin amoniya waɗanda ake samu a cikin magunguna da kayan rini masu yawa.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Giessen. Ya yi karatu a jami'ar garin a hannun Justus von Liebig, ya sami digirin digirgir a 1841. A bincikensa na farko ya gano cewa akwai sinadarin anilin a cikin kwaltar da ake tatsa daga kwal.

Aikinsa a Landan

A 1845 ya zama shugaban farko na Kwalejin Sarauta ta Kimiyyar Sinadarai da ke Landan. A can ne, a 1850, ya nuna cewa ana iya cire haidirojin uku da ke jikin amoniya ɗaya bayan ɗaya, a maye gurbinsu da rukunin kabon da ake kira alkil. Da haka ya samar da amin na mataki na ɗaya, na biyu da na uku. Ɗalibinsa William Henry Perkin, yana ɗan shekara 18, ya gano rinin shunayya na mobin a 1856 yayin da yake ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro.

Tasirin aikinsa

Har yau ana koyar da hanyar Hofmann, sai dai tana da matsala. Haɗuwar sinadaran ba ta tsayawa a inda ake so, don haka ana samun cakuɗe mai wuyar rabewa, ga kuma gishirin da ke zama shara. Alkil halaid ɗin da ake amfani da su ma, da yawansu guba ne. Daga baya masana suka koma ga sinadaran alkohol, waɗanda ruwa kawai suke bari, amma galibi sai an sa ƙarafa masu tsada kamar ruteniyam da iridiyam. Tun da ragowar ƙarfe a cikin magani na iya cutarwa, ana ci gaba da neman hanyoyin da ba su buƙatar ƙarfe.

Komawa gida da mutuwa

Ya koma Jami'ar Berlin a 1865, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Jamus a 1867. Ya karɓi lambar yabo ta Copley a 1875. Ya mutu a Berlin yana da shekara 74.