Shaihu Muhammadu Bakatsine, Malamin Hisabi da Ya Kwanta Dama a Masar

Wannan labarin wani malami ne na ƙasar Katsina wanda sunansa ya fi tashi a Masar bisa ga yadda ya tashi a gida. Shi ne Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace, wanda littattafan Larabawa ke kira Alkashnawi, watau Bakatsine. Ana kuma danganta shi da Ɗan Ranko, wani garin fatake na ƙasar Katsina da ke kan hanyar goro ta Gwanja, wanda yanzu ya zama kufai. Ya rasu a Alƙahira cikin shekara ta 1154 ta Hijira, daidai da 1741.

A zamaninsa Birnin Katsina shi ne babbar tashar ayari a ƙasar Hausa. Raƙuma na sauka daga Agadas da Gat da Gadamas, suna kawo tufafi da takarda, a cikin kayan kuwa har da littattafai. Ba a daɗe da rasa Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ba, gama Ɗan Masani a 1667 ya cika, almajiransu da almajiran almajiransu na nan zaune a zaurukan birni, hasumiyar Gobarau na tsaye a kansu. Yaron da ya tashi a irin wannan ƙasa, in yana da ƙwazo, ba zai rasa inda zai ɗora karatu ba.

Mafi yawan abin da aka riƙe na tarihinsa daga Abdurrahman Aljabarti ya fito, mai littafin tarihin Masar da ake kira Aja'ibul Asar. Shi ya lissafa malamansa: Shaihu Muhammadul Wali na Bagarmi, da Shaihu Hashimu, da Shaihu Muhammadu Fodu wanda ya ba shi nahawu da sauran fannonin Larabci, da Shaihu Muhammadu Bindu. Wannan na ƙarshe shi ne ya buɗe masa ƙofar hisabi, da ilmin sanin lokatai, da ilmin haruffa da aufaƙu. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan malaman ƙasar Sudan ne, tsakanin Hausa da Barno da Bagarmi. Da ilminsa cikakke ya tafi gabas, can kuwa aka zauna a gabansa ana ɗauka.

To, mene ne wafƙi? Shi ne abin da malaman ƙasar nan suka fi sani da hatimi. A zana murabba'i, a tsaga shi gida-gida, a zuba lambobi a ciki, ta yadda in aka tara kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya za ta fito. Mafi ƙanƙanta shi ne musallasi, mai gida tara, wanda ake jingina wa Imamu Gazali. Layin sama 4 da 9 da 2, na tsakiya 3 da 5 da 7, na ƙasa 8 da 1 da 6, ko'ina aka bi 15 ne. Lambobin kusurwoyinsa, 2 da 4 da 6 da 8, su ne a hisabin abajada suka ba da ba da dal da wau da ha. In aka jujjuya shi, ko aka dube shi a madubi, sura takwas yake bayarwa, ba ƙari.

Musallasi kowa na iya haddace shi. Inda gwani ke rabuwa da mai hadda shi ne a manyan aufaƙu, mai biyar-biyar, da mai bakwai-bakwai, da abin da ya yi sama, gama waɗannan sai da ƙa'ida. Ga misalin mai biyar-biyar. A buga biyar sau biyar, 25 ke nan, a ƙara ɗaya, a raba biyu, a sami 13. Wannan shi ne adadin da ya cancanci gidan tsakiya. A buga shi sau biyar, a sami 65, ita ce jimlar kowane layi. Na bakwai-bakwai kuwa tsakiyarsa 25, jimlarsa 175. Daga cikin hanyoyin da ma'abota fannin ke bi wajen cika gidajen akwai tafiyar doki ta wasan shaɗaranji, gida biyu gaba ɗaya gefe, in lamba ta faɗa waje a shigo da ita ta ɗaya gefen kamar an naɗe takardar. Wanda ya riƙe hanyar zai gina wafƙin da bai taɓa gani ba, ya kuma san tun kafin ya tara cewa zai yi daidai. Irin waɗannan hanyoyi na aufaƙu masu adadi mara, watau uku da biyar da bakwai, su ne Shaihu Muhammadu ya tsara a rubuce.

Wajen shekara ta 1730 ya kama hanyar hajji. Ya ratsa ƙasashe da yawa, sarakuna da malamai suna karɓarsa, har ya rubuta labarin tafiyar. Ya sauke farali, ya zauna a Makka, a nan ya fara littafinsa Addurrul Manzum, wanda ya gina a kan Assirrul Maktum da ake danganta wa Fakhruddinir Razi, a kan taurari da ɗalasimai; a Alƙahira ya cika shi cikin 1146. Kafin wannan, cikin 1145, wajen 1732 ke nan, ya gama Bahjatul Afaƙ a kan haruffa da aufaƙu. Yana da Bulugul Arab a nahawu, da Minahul Ƙuddus, waƙe a ilmin manɗiƙi, wanda shi da kansa ya yi wa sharhi.

Ba a ɓoye ba, ilmin ɗalasimai ilmi ne da malamai suka daɗe suna jayayya a kansa, Ibnu Haldun ma cikin babin sihiri ya sanya ilmin haruffa. Shaihu Muhammadu mutumin zamaninsa ne, ya ɗauki aufaƙu a kan suna ƙunshe da asirai, ya kuma hori almajirai da su ɓoye su ga wanda bai cancanta ba, tare da horon kada su karaya in lissafi ya ƙi fita. Hukuncin asiran na malaman fiƙihu ne. Amma lissafin da ke ƙarƙashinsu ba mai jayayya da shi, gama 65 ɗin nan ko Musulmi ya tara ko Nasara 65 ce.

A Alƙahira ya sauka gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin mai tarihin nan, malamin Azhar, Bahanafe, wanda asalin kakanninsa daga Jabarti ne ta wajen Habasha. Gidan nan ba kamar sauran gidajen malamai yake ba. Ban da littattafai, cike yake da kayan duban taurari da kayan awo, masu sana'a na shiga suna fita, maigidan kansa kuwa ya iya sassaƙa da zane a kan ƙarfe da dutse. Shaihu Hasan ya lazimci baƙonsa, ya karanta aufaƙu a wurinsa. Da ajali ya gabato, Bakatsine ya naɗa shi wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa, a gidansa ya cika, shi ya binne shi a maƙabartar malamai ta Alƙahira. Allah ya jiƙansa. Littattafan kuwa a Masar suka zauna.

Abin da ya faru a gidan bayan rasuwarsa ya isa a tsaya a kai. Mai tarihi ya ba da labarin cewa a 1159 wasu ɗalibai Turawa sun zo sun karanta handasa wurin mahaifinsa, suka koma ƙasashensu suka mai da ita aiki, wajen injin niƙa na iska da jan kaya masu nauyi da ɗaga ruwa. Ɗa ne ke yabon uba, saboda haka mai karatu sai ya rage kaɗan. Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne na 1172, sa'ad da ma'aunan kasuwannin Masar suka ɓaci, haƙƙin mutane na salwanta. Irin ma'aunin nan ne mai sanda guda, a rataya kaya a gajeren hannu, a riƙa gusa dutsen awo a dogon hannu har sanda ta daidaita, nauyi sau nisa a nan ya yi daidai da nauyi sau nisa a can. Shaihu Hasan ya tara maƙera da masu zubi, ya fitar da lissafin, aka sake zana ma'aunan, ya kuma rubuta littafi a kai mai suna Al'iƙdus Samin. Almajirin Bakatsine ke nan ya ɗauki hisabi ya kai shi maƙera.

A wannan zamani ɗaya, can ƙasar Turai, akwai wani mutumin Suwizalan mai suna Leonhard Euler, wanda aka haifa a 1707, ya mutu a Rasha a 1783. Shi ma aufaƙu sun ɗauki hankalinsa, har ya gabatar da maƙala a kansu a 1776. Amma tun a 1744, shekara uku bayan rasuwar Shaihu Muhammadu, ya buga littafin da a ƙarshensa ya lissafa yadda sandar ƙarfe ke lanƙwasa da yadda take raurawa in an buge ta. Mai goge ya san asalin abin da hannunsa: tsirkiya in ta gajarta ko ta ɗame, muryarta sai ta yi sama. Haka kowane ƙarfe, da kowane ginshiƙi, da kowace gada, suna da adadin rawar da suke yi cikin daƙiƙa bisa ga tsawonsu da kaurinsu da nauyinsu. In wani abu ya riƙa tura su daidai da wannan adadi, rawar sai ta yi ta ƙaruwa har abin ya karye. A 1831 gadar Broughton kusa da Mancesta a Ingila ta rushe ƙarƙashin sojoji masu taka ƙafa ɗaya, daga nan aka hana soja yin maci a kan gada. Mai injin niƙan da ya ga injinsa na tsalle yana kwance ƙusoshi, wannan ciwon ne ya same shi.

Ilmin nan na raurawa shi ne a yau ake karantarwa a sashen injiniyan injuna na jami'o'i, har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka buɗe a 1962, da ta Bayero a Kano. Injiniya yakan raba injin ko fiffiken jirgi gunduwa-gunduwa a lissafi, ya jera adadin nauyi da na tauri cikin murabba'i gida-gida, kwamfuta ta fitar masa da inda haɗari yake tun ba a ƙera abin ba. Murabba'in injiniya ba daga hatimi ya fito ba, kuskure ne a ce haka. Abin da ya haɗa su shi ne tarbiyyar kai: haƙurin bin ƙa'ida gida bayan gida, da rashin yarda da jimla sai an gwada ta ta kowane gefe. Bambancin kuma a fili yake. Euler bugawa ya yi ta yi, wani ya karanta ya gyara ya ƙara. Ma'abota aufaƙu kuwa daga baki zuwa kunne suke miƙawa, ga almajiri ɗaya ko biyu. Da tafiya ta yi nisa, a ƙasar Hausa sai surar hatimi ta wanzu ana kwafa a allo da laya, hanyar gina shi ta ragu a hannun 'yan kaɗan.

Sunan Shaihu Muhammadu ya sake fitowa a ƙarni na ashirin. An buga Addurrul Manzum a Masar, ya shigo kasuwannin littattafai na Arewa. Malam Hasan Ibrahim Gwarzo ya rubuta bincike a kan hisabinsa a 1967, a mujallar cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci ta Jami'ar Ibadan. A 1973 kuma wata malamar lissafi ta Amurka, Claudia Zaslavsky, ta bayyana hanyoyinsa na aufaƙu cikin littafinta na ƙidayar mutanen Afirka, daga wani kwafin rubutun hannu da ke ajiye a makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan.