Rudolf Virchow, likitan da ya bi sawun gudan jini daga ƙafa har huhu

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin yanka ranar Layya ya ga yadda jinin rago ke zuba kamar ruwa, kafin a gama fiɗa ya daskare ya zama guda. Daskarewar nan rahama ce, don ba don ita ba, yankan wuƙar albasa ma ya isa ya ƙarar da mutum. Amma in ta auku cikin jijiya, inda babu rauni, tana kashewa cikin ƴan mintoci. Mutumin da ya gano hanyar da take bi wani likita ne Bajamushe, Rudolf Virchow. A bakin Jamusawa sunan yana fita kamar Firko, haka za mu kira shi.

An haife shi ranar 13 ga Oktoba 1821 a Schivelbein, ƙaramin gari da yau yake cikin ƙasar Polan. Ubansa manomi ne, kuma ma'ajin garin. Ana cewa yaron ya so zama mai wa'azi a coci, sai ya ga muryarsa ba ta da ƙarfi. Mu ma'aikatan rediyo mun san wannan damuwa. A 1839 ya shiga makarantar likitocin soja ta Berlin, inda ake karatu kyauta da sharaɗin yi wa soja aiki daga baya. Ya zama likita a 1843, aka kai shi babban asibitin Sharite, ba da jimawa ba ya koma ɗakin binciken gawa.

A lokacin, maganar wani babban malami na Faransa, Cruveilhier, ita ce ke ci: kumburin jijiya ne tushen kusan kowace cuta, gudan jinin da ake gani cikin huhun mamaci kuma a nan ya tsiro. Aka ba saurayin aikin duba wannan magana. Ya buɗa gawa bayan gawa, sai ya lura cewa in ya sami guda a jijiyar huhu, sau da yawa akwai wani a jijiyar ƙafa ko ta cinya. A wasu lokutan ma bakin na huhun yana daidai da bakin na ƙafar, kamar takardar jaka da aka yage biyu aka sake haɗa ta. Bai tsaya nan ba. Ya riƙa saka gutsuren roba, na tsoka da na daskararren jini cikin jijiyar wuyan karnuka, daga baya ya same su a huhu. Ke nan gudan yana ɓallewa, jini ya ɗauke shi, ya ratsa ɓangaren dama na zuciya, ya je ya toshe hanyar huhu. Ya fara wallafa wannan a 1846, kuma daga gare shi likitoci suka gaji kalmar amboli da kuke ji a bakinsu a asibiti.

A 1847 ya raɗa wa wani abu suna, abin da bai taɓa gani da idonsa ba. Ya ce dole akwai wani sinadari narkakke cikin jini wanda ke juyewa ya zama zaren da ke riƙe guda, ya kira shi fibrinojen. Sai a 1959 masu bincike a Amurka suka ga siffarsa da madubin lantarki. Hanta ce ke yin sa, akwai giram 2 zuwa 4 a kowace lita ta ruwan jini. Ku ɗauki taɓarya, mai kauri a kai biyu, ku ƙara mata ƙulli a tsakiya: haka yake, sai dai an tuƙa shi da zare 6, kuma sai an jera wajen 22.000 baki da baki kafin su kai milimita 1. Muddin babu rauni, suna yawo cikin jini ba su kama juna. In aka ji ciwo, wani sinadari mai suna trombin ya zo ya datse ƴan guntaye daga ƙullin tsakiya, sai wasu ƙugiyoyi su bayyana, su shiga ramukan da ke kan taɓaren maƙwabta. Suna jeruwa kamar yadda magini ke jera bulo, kowane ya hau rabin na ƙasansa, har su zama zare, zare ya zama koma, koma ta kama ƙwayoyin jini. Wani sinadarin kuma, wanda likitoci ke kira na 13, ya bi ya ɗinke mahaɗan.

Jiki kuma yana da mai kwance wannan saƙa. Sunansa plasmin, aikinsa almakashi, yana yanka taɓaren tsakanin ƙulli da ƙulli har komar ta wargaje. Inda aka ɗinke dai ba ya iya rabawa, don haka ake samun kawunan taɓare biyu manne da juna suna yawo cikin jini. Su ne ake nema a awon jinin da ake kira D-dimer. Maganin da aka fi bai wa mai gudan jini, irin su heparin, ba ya narkar da guda. Hana shi girma yake yi, jiki ya narkar da shi cikin makonni ko watanni. Shi ya sa barin magani don ƙafa ta saɓe ganganci ne.

Dalilai 3 na daskarewar jini cikin jijiya har yau suna ɗauke da sunan Firko, ko da yake likitocin bayansa ne suka jera su haka: jini ya daina gudu sosai, jikin jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya yi saurin daskarewa. A nan labarin ya shafe mu. Mai zaune kan kujera ƴar tsugunne daga safe har magariba, da wanda ya shiga kar daga Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900, gwiwa a naɗe da kaya ƙarƙashin ƙafa, da mai hawa jirgi zuwa Makka ko Dubai, duk jinin ƙafarsu yana kwanciya. Mai ciki da mai jego, musamman makonni 6 na farko bayan haihuwa, jininsu ya fi saurin daskarewa. Kumburin ƙafa biyu bayan doguwar tafiya yawanci yana saɓewa da kansa. Amma ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, sha-raɓa na ciwo, wannan ba na tausa ba ne, tausar na iya ɓalle gudan. Na asibiti ne, a ranar. In numfashi ya sarƙe farat ɗaya, da ciwon ƙirji ko tarin jini, ba a jiran gari ya waye.

Mu koma ga mutuminmu. A farkon 1848 gwamnatin Prusiya ta aike shi yankin Silesiya, inda zazzaɓin taifus ke kashe talakawa. Ya yi kusan mako 3, ya dawo da rahoton da bai yi wa manya daɗi ba. Bai san ƙwarƙwata ce ke yaɗa cutar ba, wannan sai a 1909 aka gano shi a Tunis. Abin da ya gani shi ne yunwa, ɗakuna cunkushe da rashin makaranta, ya rubuta cewa maganin shi ne ilimi da harshen mutanen, hanyoyi, ƴanci, da sauke haraji daga kan talaka. A watan Maris na shekarar ya shiga boren Berlin. A 1849 aka dakatar da shi daga aiki, ya tafi jami'ar Wurzburg. Ya auri Rose Mayer a 1850, suka haifi ƴaƴa 6.

A 1856 Berlin ta sake kiransa. Littafinsa na 1858 ya kafa cewa cuta tana farawa ne daga ƙwayoyin halittar jiki, kuma kowace ƙwaya daga wata take fitowa. Daga 1859 ya zauna majalisar birnin fiye da shekara 40, ya matsa har aka gina magudanan ƙazanta, aka kuma tilasta duba nama kafin ya shiga kasuwa. Ya yi depite a majalisar ƙasa daga 1880 zuwa 1893. A 1865 gardamarsa da Bismarck kan kuɗin sojan ruwa ta yi zafi har Bismarck ya nemi su fita su yi faɗa da makami, Firko ya ƙi.

Ba za mu ɓoye kurensa ba. Lokacin da likita Semmelweis ya nuna a birnin Biyena cewa wanke hannun likitoci yana rage mutuwar masu jego, Firko bai mara masa baya ba, kuma ya daɗe yana ja da masu cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo rashin lafiya. Maganarsa tana da nauyi a lokacin, kuma a ganinmu jinkirin da ta jawo mata ne suka biya shi a ɗakunan haihuwa.

A watan Janairu 1902, yana da shekara 80, ya yi tsalle ya sauka daga taragon lantarki na cikin gari tun bai tsaya ba, ya faɗi, ƙashin cinyarsa ya karye. Bai sake komawa ɗakin bincikensa kamar da ba. Zuciyarsa ta gaza, ya rasu a Berlin ranar 5 ga Satumba 1902, kuma birnin ne ya ɗauki nauyin jana'izarsa.