Ladi Kwali, maginiyar da sunanta bai ɓata ba

Ko a Tenhiya ko a Tanut, babu gidan da za a shiga a rasa randa ko tulu a gindin inuwa, amma da wuya a sami mai iya faɗin sunan matar da ta gina su. Haka sha'anin ginin tukwane yake a Miriya ta ƙasar Damagaram, haka yake a Bubon kusa da Yamai: aikin na mata ne, sunan kuwa na gari. Marigayiya Ladi Kwali tana cikin ƴan kaɗan da suka kuɓuta daga wannan mantuwa.

An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali na ƙasar Gwari, a tsakiyar Najeriya. Ba ta shiga lakwal ba. Tun tana yarinya ta koyi gini wurin wata ƴar'uwar iyayenta, irin ginin da aka gada: a murza yumɓu kamar igiya, a riƙa ɗora shi bisa juna, maginiya tana kewaya tukunyar tana lailaye ta da hannu har ta tashi. Kafin yumɓun ya bushe sai ta zana masa kunama, ƙadangare, hawainiya, kada, kifi da tsuntsaye. Hannunta ya yi kyau har labari ya kai fada, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara randunanta a gidansa. Abujar da ake nufi a nan ita ce Suleja ta yau.

A nan fadar ne wani Baturen Ingila mai ginin tukwane, Michael Cardew, ya fara ganin aikinta. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauke shi domin ya kawo sabuwar dabara, ya kuwa buɗe gidan koyar da gini a Abuja a 1952. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko a cikin maza. Ta koyi gini bisa faifai mai juyawa, ta yi akusa da butoci da kofuna, amma ba ta saki ginin hannu ba. Daga bisani wasu mata suka bi sawunta, kamar su Asibi Ido da Kande Ushafa.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya dakata. Randar gargajiya ana toya ta ne a fili da itace da ciyawa, jikinta yana tsattsafo, shi ya sa take sanyaya ruwa ko da cikin bazara. Randar da Ladi ta riƙa ginawa a gidan Cardew kuwa, da wani yumɓu dabam ake yin ta, a shafe ta da ruwan ƙyalli, a toya ta cikin matoya mai tsananin wuta har ta zama kamar dutse. Ta ƙara kyau, zanen ya fito ras, amma ta yi nauyi, ba ta kuma tsattsafo. Watau ta tashi daga abin ɗebe ƙishirwa ta koma abin kallo. Da wannan canji ne ta sami shiga gidajen Turai, kuma ba ƙaramin abu aka bari a baya ba.

An baje kayan Abuja a Landan a 1958, 1959 da 1962, inda randunanta suka fi jan ido. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew tana gini a gaban jama'a. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ƙasarta kuma ta karrama ta a 1980 da 1981. Ta rasu a Minna ran 12 ga watan Agusta 1984.

Shekarun da take wannan tafiye-tafiye su ne matan Amurka suka tayar da muhawara kan yadda tarihin zane ya shafe sunayen mata. A 1971 wata malama, Linda Nochlin, ta rubuta maƙalar da ta tambayi dalilin da ya sa ba a lissafa mace cikin manyan masu zane, ta nuna cewa hana su makaranta da wurin aiki ne, ba rashin basira ba. A 1976 ta haɗu da Ann Sutherland Harris suka shirya babban nuni a Los Anjalas na matan da suka yi zane daga 1550 zuwa 1950. Sai dai matan Turai da Amurka ne masu zane da fenti. Maginiyar Afirka ba ta da gurbi. Littattafan zamanin kuwa sun fi ambaton Ladi a matsayin almajirar da Cardew ya gano, alhali sarki ya riga shi sanin darajarta.

Gyara ya zo a makare. A 2007 aka sa hotonta tana gini a bayan takardar naira 20. A 2022 wata masaniya ƴar asalin Najeriya, Jareh Das, ta shirya nuni a Landan kan baƙaƙen mata masu aikin yumɓu na tsawon shekara 70, ta kuma fara lissafin daga Ladi Kwali.