Sarkin Musulmi Bello da Ilmin Magani

Mutanen ƙasar Kazaure, daga Roni har Gwiwa, sun fi sanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah ya jiƙansa, da cewa shi ne ya sasanta rikicin Ɗan Tunku da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har Kazaure ta tsaya da kanta. To, amma akwai wani fanni na rayuwarsa da ba a cika faɗa wa yaranmu ba, watau himmarsa a kan ilmin cuta da magani.

An haifi Bello a shekarar 1781. Ya yi karatu wurin mahaifinsa, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, da ƙanen mahaifinsa, Malam Abdullahi. Ya kafa birnin Sakkwato, ya karɓi ragamar mulki a 1817 bayan rasuwar Shehu, ga tawaye ta kowace fuska.

Duk da wannan ɗawainiya bai ajiye alƙalami ba. Cikin littattafansa akwai wanda ya keɓe ga ciwon ido, akwai wani a kan basir, akwai kuma wanda ya yi game da filasko da yadda ake shan sa domin wanke ciki. Abin lura shi ne, bai ɗauki basir a matsayin abin kunya da bai kamaci Sarkin Musulmi ya yi zancensa ba. Cuta ce mai damun talakawansa, sai ya bi littattafan magabata ya tattaro abin da suka ce, ya rubuta. Malamai da yawa a yau ba za su yarda su sa sunansu a kan irin wannan littafi ba. Filaskon nan kuwa, masu bincike na zamani sun tace sinadarin da ke cikin ganyensa, ana sayar da shi ƙwaya-ƙwaya a kantunan magani.

A shekarar 1824 wani Bature, Kyaftin Kilabatan, ya iso Sakkwato. Cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. A nan ya kamata iyayen da ke ɗari-ɗarin barin 'ya'yansu su karanta likitanci ko kimiyyar halittu su tsaya su yi nazari, domin ɗan Mujaddadi ne da kansa ya nemi wannan ilmi daga wanda ba Musulmi ba. Da Baturen ya komo a tafiyarsa ta biyu, ya kawo masa littattafan Larabci, ciki har da na Ibn Sina da na lissafin Uƙlidis. Likitocin da suka taso tare da shi kuwa ba su iso ba, shi ma a Sakkwato ajali ya same shi a 1827.

Bello ya yi shekara 20 yana mulki. Ya rasu a ribaɗinsa na Wurno a 1837, a can kuma kabarinsa yake.