Timotawus na Farko: Shugaban Ekklesiya a Fadar Halifa

An haifi Timotawus a ƙarni na 8 a garin Hazza, kusa da birnin Arbil na arewacin Iraƙi ta yau. Ya yi karatun Littafi Mai Tsarki da falsafar Helenawa a makarantar Bashosh, daga baya ya zama bishop. A shekara ta 780 aka zaɓe shi shugaban Ekklesiyar Gabas, ko da yake waɗansu manyan bishop-bishop sun daɗe suna jayayya da zaɓen. Da ya kafu, sai ya mai da mazaunin shugabancin zuwa Bagadaza, babban birnin daular Abbasiyawa, domin ya riƙa kai kukan jama'arsa gaban halifa da kansa.

Abin da aka fi tunawa da shi shi ne muhawarar kwana biyu da ya yi da Halifa Mahadi wajen shekara ta 781. Halifan ya tambaye shi game da Allahntakar Almasihu, da Triniti, da gicciye, da kuma annabcin Muhammadu. Amsa mai kaushi tana iya jawo wa Kiristocin daular wahala, amsar neman yardar sarki kuwa musun bangaskiya ce. Timotawus ya tsaya a kan cewa Allah ɗaya ne, kamar yadda Attaura da Linjila suka koyar. Ya yaba wa Muhammadu saboda ya raba Larabawa da gumaka, ya kuma bi tafarkin annabawa wajen kiran mutane ga Allah ɗaya da aikin kirki. Amma ya bayyana cewa Mai Taimakon da Yesu ya alkawarta Ruhu Mai Tsarki ne, bai kuwa janye ko kaɗan ba daga shaidar mutuwar Almasihu da tashinsa.

A ƙarshen zaman ya kawo misalin lu'ulu'un da ya faɗi cikin ɗaki mai duhu. Kowa ya laluba ya damƙi wani abu, wani dutse, wani gilashi, kowa yana zaton lu'ulu'un ne a hannunsa, sai gari ya waye za a san mai gaskiya. Suka rabu cikin mutunci. Halifan nan ne kuma ya sa shi fassara wani littafin Aristotil zuwa Larabci.

Sha'awarsa ga tushen Yahudanci ta fito a wata wasiƙarsa. Ya ba da labarin wani maharbi Balarabe da karensa ya shiga kogo kusa da Yariko, inda aka sami littattafan Tsohon Alkawari da zaburoyi fiye da 200 da Ibrananci, har Yahudawan Urushalima suka zo suka kwashe su. Timotawus ya aika a bincika masa ayoyin da Sabon Alkawari ya ambata. Bayan an gano littattafan Tekun Gishiri a 1947, masana sun koma ga wannan wasiƙa.

Bai bar aikin bishara ba, gama ya naɗa babban bishop domin Turkawan tsakiyar Asiya, ya kuma shirya naɗa wani domin Tibet. Ya rasu a 823, bayan shekara 43 yana kiwon garken a zamanin halifofi biyar. Wasiƙunsa 59 sun wanzu, suna nuna cewa mutum yana iya girmama maƙwabcinsa ba tare da ya sayar da bangaskiyarsa ba.