Hogan Bassey da Aikin Ƙafa a Damben Turawa

Duk wanda ya taɓa kallon dambe a Sifawa ko Boɗinga bayan an kawar da amfanin gona, ya san idon 'yan kallo a kan ɗaurarren hannu yake. Tsofaffin 'yan dambe kuwa ƙafa suke duba, domin ita ke kai mutum inda naushinsa zai yi amfani. Haka abin yake a damben Turawa, kamar yadda rayuwar Hogan Bassey ta nuna.

An haifi Okon Asuquo Bassey, wanda aka fi sani da Hogan, kusa da Kalaba ran 3 ga Yuni, 1932. A Ikko ya koyi dambe, sa'an nan ya ƙaura Liverpool ta Ingila. Gajere ne, don haka tilas sai ya shiga jikin abokin karawarsa kafin ya same shi. Ran 24 ga Yuni, 1957, a birnin Paris, Cherif Hamia ya kai shi ƙasa a turmi na biyu. A filin Sifawa da wasa ya ƙare ke nan, amma Turawa ƙirga wa wanda ya faɗi suke yi. Bassey ya tashi, ya yi nasara a turmi na goma, ya zama zakaran duniya a ajin masu nauyin kilo 57, ɗan Nijeriya na farko da ya kai wannan matsayi.

Karawar da ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce wadda ya yi da Willie Pep a Boston cikin Satumba, 1958. Pep ya ci wasa fiye da 200, kuma da ƙafa ya ci galibinsu. Ba ya ja da baya kai tsaye, don igiya na jiran mai yin haka. Gefe yake zamewa, ya yi hagu, ya karya dama, naushi ya sami iska. Wanda ya bi sawunsa sai ya gaji a banza. Maganin irin wannan shi ne tare hanya: in ya nufi hagu, a riga shi can da taku guda, har fili ya ƙare masa. Pep ya yi ta zillewa turmi bayan turmi, Bassey na matsa shi, har ya rutsa shi a turmi na tara, aka tsayar da wasa. Gaskiya dai shekarun Pep 36 a lokacin, ƙafar kuma ita ce ke fara tsufa a jikin ɗan dambe.

A Maris, 1959, Davey Moore ya karɓe kambun a Los Angeles, bayan jini daga girar Bassey ya hana shi gani. Suka sake karawa a Agusta, bai yi nasara ba, sai ya ajiye damben yana da shekara 27. Ya komo gida ya shiga horar da matasan 'yan damben Nijeriya. Ya rasu a Ikko ran 26 ga Janairu, 1998.