Mitsuteru Yokoyama: Mai zanen da ya assasa labaran ƙattin mutum-mutumi a Jafan

Duk mai bibiyar finafinan zane na ƙasar Jafan, waɗanda ake kira anime, ya saba ganin ƙattin mutum-mutumin ƙarfe suna gwabza yaƙi a doron ƙasa da sararin samaniya. Idan aka bi salsalar wannan salo, za a tarar ya faro ne daga alƙalamin Mitsuteru Yokoyama, mutumin da yaƙin duniya na biyu ya yi wa ƙuruciyarsa tambari.

An haifi Yokoyama ranar 18 ga Yuni, 1934, a yankin Suma na birnin Kobe. Da yaƙi ya yi ƙamari, sai aka kai shi lardin Tottori domin tsira daga hare-haren sama, kamar yadda aka yi wa ɗimbin yaran biranen Jafan a wancan lokaci. A shekarar 1945 jiragen yaƙin Amurka samfurin B-29 suka yi wa Kobe ruwan bama-bamai masu tayar da gobara, mafi muni a watannin Maris da Yuni, inda dubban mutane suka hallaka, unguwanni da dama suka zama toka. Yana ɗan shekara 11 aka kawo ƙarshen yaƙin. Kufan da ya tarar a garinsu da girman waɗancan jirage sun zauna masa a zuciya, kuma daga baya suka zama tushen aikinsa mafi shahara.

Sha'awar zane ta kama shi ne bayan ya karanta Metropolis, littafin zane na Osamu Tezuka. Da ya kammala sakandare ya ɗan taɓa aikin banki, sannan ya koma sashen talla na wani kamfanin finafinai, yana zane a lokutan hutunsa. A 1955 ya fitar da littafinsa na farko, Otonashi no Ken, labarin masu takobi na zamanin da. Karɓuwar da littafin ya samu ta ba shi ƙwarin gwiwar komawa Tokyo, ya rungumi zanen labarai, wato manga, a matsayin sana'a.

A 1956 mujallar yara mai suna Shonen ta fara buga Tetsujin 28, ma'ana mutumin ƙarfe na 28, kuma ta ci gaba da buga shi har tsawon shekara goma. Labarin wani ƙaton mutum-mutumi ne da aka fara ƙerawa a asirce lokacin yaƙi domin ya zame wa sojojin Jafan makami, amma yaƙin ya ƙare ba a yi amfani da shi ba. Daga bisani ya shiga hannun wani yaro mai binciken laifuka, Shotaro Kaneda, wanda ke sarrafa shi daga nesa da wata na'ura irin ta rimot.

Wannan na'ura ita ce ƙashin bayan labarin. Tetsujin ba shi da hankali ko ra'ayin kansa. Idan na'urar tana hannun Shotaro, sai ya kare jama'a; idan miyagu suka ƙwace ta, sai ya juya ya rusa garin da ya kare jiya. A nan Yokoyama ya saɓa wa Tezuka, wanda nasa mutum-mutumin, Astro Boy, yake da zuciya da tausayi. Ga al'ummar da ta ɗanɗana abin da fasaha ta aikata a Hiroshima da Nagasaki, saƙon bai ɓuya ba: makami ba ya bambance mai gaskiya da azzalumi, alhakin yana wuyan wanda ya riƙe shi.

A watan Oktoban 1963 aka fara nuna Tetsujin a talabijin a matsayin fim ɗin zane, watanni kaɗan bayan fara nuna Astro Boy. Daga nan ya ƙetara zuwa Amurka da sunan Gigantor. A 1967 Yokoyama ya sake fito da wani ƙaton, Giant Robo, wanda yaro ke ba wa umarni da murya ta cikin agogon hannu. A kashin ƙarshe na shirinsa na talabijin, ƙaton ya bijire wa umarnin yaron, ya sunkuci shugaban maƙiya ya lula da shi sararin samaniya, ya sadaukar da kansa domin duniya ta tsira.

Waɗanda suka biyo baya sun ɗora ne a kan wannan tubali. A 1972 Go Nagai ya fito da Mazinger Z, inda ya ɗauke yaron daga ƙasa ya zaunar da shi a cikin ƙaton, yana tuƙa shi kamar mota. A 1979 Yoshiyuki Tomino ya fito da Mobile Suit Gundam, wanda ya kai yaƙin sararin samaniya, tsakanin gwamnatin duniya da mazauna wata matsuguni da suka yi tawaye. A cikinsa ƙattin sun zama kayan yaƙi zalla, kamar tankoki da jirage, kuma matashi ɗan shekara 15 ne aka jefa cikin bala'in. Katsuhiro Otomo kuwa ya karrama Yokoyama a cikin Akira, inda ya raɗa wa jaruminsa suna Shotaro Kaneda.

Baiwar Yokoyama ba ta tsaya ga ƙarafa kaɗai ba. A 1961 ya fara Iga no Kagemaru, wanda ya taimaka wajen yaɗa labaran ninja a tsakanin yara. A 1966 ya ƙirƙiro Sally, wata 'yar sarkin duniyar sihiri da ta zo ta zauna cikin mutane, kuma ana kallon fim ɗinta a matsayin na farko a jerin finafinan zane na 'yan mata masu sihiri. A 1971 ya fitar da Babel II, kuma a shekarar ce ya soma aikinsa mafi tsawo, Sangokushi, labarin yaƙe-yaƙen dauloli uku na tsohuwar ƙasar Sin. Aikin ya ci shekara 15 da ɗoriya, ya cika littafi 60, kuma a 1991 ya samo masa lambar yabo daga Ƙungiyar Masu Zane ta Jafan. Har yau Jafanawa da yawa ta wannan aiki suke fara sanin tarihin wancan zamani.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da ban tausayi. Ranar 15 ga Afrilu, 2004, gobara ta tashi a gidansa da ke Tokyo, ya ƙone sosai, aka garzaya da shi asibiti, inda ya cika a ranar yana da shekara 69.

Garinsu bai manta da shi ba. Ranar 17 ga Janairu, 1995, girgizar ƙasa ta afka wa Kobe da kewaye, ta kashe mutum fiye da 6,000, kuma yankin Nagata na cikin wuraren da gobara ta fi yi wa ɓarna. A 2009 mazauna yankin suka kafa gunkin Tetsujin mai tsayin kimanin mita 18 a dandalin Wakamatsu, domin ya zama alamar farfaɗowar birnin da kuma jawo baƙi zuwa kasuwanninsa. A titunan kasuwar da ke kusa an kuma jera gumakan jaruman Sangokushi, domin tunawa da ɗan garin da ya zana su.